Hedimasta da Aikin Malami: Nazari kan Salon Shugabanci

Koyarwa aiki ne da ake yi ba a gaban shugaba ba. Da malami ya shiga aji, daga shi sai ɗalibansa, saboda haka abin dubawa a salon shugabancin makaranta shi ne abin da yake saura a zuciyar malami bayan shugaba ya ba da baya.

Gwajin da Kurt Lewin da Lippitt da White suka wallafa a 1939 a Amurka ya haska wannan. Sun raba yara maza rukuni-rukuni a ƙarƙashin shugabanni iri uku: mai kama-karya, mai shawara da na ƙasa, da mai sakin ragama. Yaran mai kama-karya sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, yana fita aiki ya lafa. Na mai shawara kuwa suka ci gaba da aikinsu. Na ukun su suka fi kowa shiririta.

Duk wanda ya san makarantunmu na firamare ya san salon farko. Hedimasta ya ja jan layi a rajistar zuwa, wanda ya makara a ba shi takardar tuhuma. Wannan yana kawo malami harabar makaranta a kan lokaci, amma ba ya sa shi shirya darasi da kyau. Sakin ragama ya fi muni, domin malami mai himma yana ganin ba a bambanta shi da rago, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Sai dai a ganina muhawarar tsanani da sassauci ta bar jaki tana dukan taiki. A 2008 Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a baya, suka gano cewa shugabancin da ya sa ido kan koyarwa kanta ya ninka mai zaburarwa kawai tasiri sau uku zuwa huɗu a sakamakon ɗalibai. Abin da ya fi komai nauyi shi ne shugaba ya zauna ya koya tare da malamansa, su tattauna inda yara suka kasa ganewa.

A nan matsalarmu take. Galibi daɗewa a aiki ke kai mutum kujerar hedimasta, ba horo ba. Ɗaukar malamai, albashi da canjin wurin aiki suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, hedimasta kuwa an bar shi da rajista. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa daga 2008 a jihohi shida, ciki har da Kano, Kaduna da Jigawa, ya horar da shugabannin makarantu kan duba darasi. Duk da haka, lokacin da Kaduna ta bayyana a 2017 cewa malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar cancanta, hankali ya koma kan malaman kaɗai. Ya kamata a ce an tambayi su wa suka shugabance su shekara da shekaru, da irin horon da aka ba shugabannin.