Baƙin cibiyoyin ƙwayar zarra masu yalwar niyutiron

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutiron. Adadin furoton ne ke bai wa sinadari sunansa: kuza tana da 50, dalma tana da 82. Adadin niyutiron kuwa yakan sauya. Idan ya wuce kima, cibiyar ba ta daɗewa, takan rikiɗe zuwa wani sinadari cikin daƙiƙoƙi ko ƙasa da haka. Irin waɗannan ne masana ke kira baƙin cibiyoyi, domin baƙi ne a doron ƙasa, sai an ƙirƙire su a ɗakin gwaji. Cibiyoyin da ba sa rushewa kimanin 250 ne kacal, amma an gano fiye da 3,000, ana kuma hasashen cewa jimillarsu za ta kai kusan 7,000.

A shekarar 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen a Jamus, kowa ta hanyarsa, suka nuna cewa ƙwayoyin cibiya suna zama ne hawa-hawa. Duk lokacin da adadin furoton ko na niyutiron ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126, hawa ya cika, cibiyar kuma takan yi ƙarfi fiye da maƙwabtanta. Masana na kiran waɗannan lambobin siddabaru, aikin kuma ya jawo wa mutanen biyu kyautar Nobel a 1963. Sai dai daga cibiyoyi masu ɗorewa aka ciro wannan ƙa'ida. Tambayar da ta rage ita ce ko tana aiki idan niyutiron suka yi cunkoso.

A ƙananan cibiyoyi, ba kullum take aiki ba. Maganiziyam-32 yana da niyutiron 20, amma maimakon ya kasance a dunƙule kamar ƙwallo, siffarsa a karkace take.

A manyan cibiyoyi kuwa, kuza ce ta ba da amsa mafi gamsarwa. Kuzar da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos tana da nau'o'i goma masu ɗorewa, babu sinadarin da ya kai ta, mafi nauyinsu kuma shi ne kuza-124. Idan aka ƙara masa niyutiron takwas sai a sami kuza-132, mai furoton 50 da niyutiron 82, wato hawa biyun duk sun cika. Rabinsa kan rushe cikin daƙiƙa 40, amma gwajin da aka yi a Oak Ridge ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya tabbatar da cewa tsarin hawa-hawan nan yana nan daram.

Wannan ba muhawarar masana ba ce kawai, domin a nan asalin zinariya yake. Kusan rabin sinadaran da suka fi baƙin ƙarfe nauyi ana samar da su ne inda cibiyoyi ke haɗiyar niyutiron cikin gaggawa, kamar a karon taurarin niyutiron biyu da aka hango ranar 17 ga Agusta, 2017. Da zarar cibiya ta kai niyutiron 82 ko 126, haɗiyar kan ja baya, cibiyoyi su taru a wurin, daga bisani su rikiɗe zuwa sinadarai masu ɗorewa. Tarin da ke faruwa a 126 shi ne ke bayyana yawan filatinam da zinariya idan aka kwatanta su da maƙwabtansu.

Wahalar ita ce, yawancin cibiyoyin yankin 126 da ke ƙasa da dalma ba a taɓa ƙirƙirarsu ba, da lissafi kawai ake dogara. Cibiyar bincike ta RIKEN a Japan da ta FRIB a Jami'ar Jihar Michigan, wadda aka buɗe a 2022, suna ƙoƙarin isa can. A 2024 masu bincike a FRIB suka sanar da sabbin nau'o'i biyar na sinadaran tuliyam, itabiyam da lutetiyam, bayan sun harba cibiyoyin filatinam-198 a kan farantin kabon.