Daga Sirdi Zuwa Kujerar Mota

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka sana'a ta ke. In masu ita suka sake ta, sai ta watse, a wayi gari ba wanda ya san yadda aka fara ta. Sabo da haka ya kamata a san tarihin abin da matafiyi ke zama a kai a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga zamanin sirdi har zuwa zamanin kujerar mota.

Kafin zuwan Turawa, dawaki su ne abin hawan sarakuna da attajirai, talakawa kuwa sai jaki ko ƙafa. Sirdi aikin mutum biyu ne. Masassaƙi shi ke sassaƙa itacen, baduku kuma ya lulluɓe shi da fata, ya yi masa zubka don kada ya ji wa doki ciwo a baya, sa'an nan a ɗora jalala a bisa don ado. Abin da a ke cusawa don laushi shi ne audugar rimi, wadda da ita a ke cika lifidin mayaƙa da matasan kai. Fatar kuwa daga hannun majema ta ke fitowa. Su kan jiƙa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, su kankare, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai. Bayan wannan a rina ta, ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Fatar jan akuyar ƙasar Hausa ta yi suna ƙwarai. Fatake sun riƙa ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali kuwa mai yawa daga cikinta a nan aka jeme.

Kudancin Katsina ƙasar auduga ce tun dā. Maska ta shahara da saƙa tun kafin a san Funtuwa. A shekarar 1902 masu masaƙun Manchester a Ingila suka kafa ƙungiyar nan ta BCGA don neman auduga a ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka kuma shigo da irin audugar Amurka da a ke kira Allen wajen 1912. Da aka ga irin ya karɓi ƙasar nan, sai aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kafa wani a Malumfashi, garin Galadiman Katsina. Aka ja reshen hanyar jirgi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙaurar Namoda a 1929. Funtuwa ta bunƙasa, ta zama mazaunin Sarkin Maska. Malumfashi kuwa ba ta sami jirgi ba, sai ya zama dole a ɗauko audugarta a kai ta tasha. Da fari jakuna da raƙuma suka yi wannan aiki, daga baya manyan motoci suka karɓe shi.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Mutum ne mai son dawaki matuƙa, amma wannan bai hana shi karɓar sabon abu ba. A 1921 ya je Ingila, ya kuma sauke farali a Makka. Da hakimai da attajirai suka ga Sarki a mota, kowa ya shiga marmari. Talaka dai a babbar mota ya fara hawa, bisa bencin katako ko kuwa bisa buhunan kaya. Mai hali shi ke biyan kuɗi da yawa ya zauna gaba kusa da direba, gama can kaɗai ke da kujera mai laushi.

Kujerun motocin farko ba su yi nisa da aikin sirdi ba. A ƙasa akwai ƙarafa masu lanƙwasa don su sha girgizar hanya. A bisansu a kan shimfiɗa algarara, sa'an nan gashin doki ko zaren ɓawon kwakwa, sa'an nan shimfiɗar auduga, a rufe duka da fatar saniya. In hanya ta ci kujera, ba inda za a kai ta sai wurin baduku ko maɗinki. Baduku ya kan duba, ya ga ai aikin da ya gada ne, sai dai siffa ta sake. Amma akwai abu guda da ya ba shi wuya. Fatar akuya, duk da kyanta, ƙarama ce, kuma ba ta da kauri, ba ta rufe kujera sai da gwaminta. Don haka ita Turai a ke kai ta, a yi bangon littattafai da takalma. Fatar shanun ƙasar nan kuwa sau da yawa ta kan zo da tabon lalas, da cizon kaska, da yankan wuƙar fiɗa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, masu ƙera motoci suka koma ga leda, watau yadi ne da aka shafe da roba ya yi kama da fata. Soso kuma ya maye gurbin gashin doki. A 1962 aka kafa kamfanin Vitafoam a Ikko, soson katifa ya wadata a kasuwa. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, waɗanda jama'a ke kira Fijo. Samfurin 404 da 504 suka cika hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da Katsina, wasu na haya, wasu a-kori-kura masu ɗaukar masara da taki. Daga nan aka sami sana'a sabuwa, ta masu aikin kushin, waɗanda suka kafa kekunan ɗinkinsu kusa da tasha da garejin makanikai. Baduku ya koma ga takalmi da jaka da kube da kayan doki.

Yanzu waɗannan motoci sun tsufa, an daina ƙera su, kuma da yawa sun tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Amma akwai gidajen da suka adana motar mahaifi ko ta kaka, suna so su mai da ita yadda ta ke a dā. A Turai akwai kamfanoni masu sayar da kayan cikin tsofaffin motoci a yanke, a ɗinke, watau rigunan kujeru, da murafun ƙofofi, da rufin sama, da shimfiɗar ƙasa. Wanda zai saya sai ya tabbatar da samfurin motarsa da shekarar da aka yi ta, gama kujerun 504 ƙarama dabam su ke da na doguwa mai layi uku. Wanda kuma zai ba mai kushin na gida, kada ya yarda a yar da tsohuwar riga, kome yagewarta, domin ita ce ma'aunin da za a yanka sabuwa a kai. A fara duba ƙarafan kujera da sosonta, don sabuwar riga bisa ruɓaɓɓen soso asarar kuɗi ce. Sa'an nan a yi la'akari da yanayin ƙasa. Leda mai araha ta kan ƙona jiki da bazara, ta tsattsage cikin ɗan lokaci. Fata tana daɗewa, amma hunturu na busar da ita in ba a shafa mata mai. Yadin auduga mai kauri ya fi sanyi, sai dai yana kama ƙura. Abin da ya fi duka shi ne a mayar da irin abin da motar ta zo da shi, da launinsa, da salon ɗinkinsa. Wanda ya sa wa tsohuwar mota leda mai walƙiya don araha, ya ɓata ta, araha kuwa ba ta ado.

Tsofaffin da suka san wannan aiki suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata mai tsohuwar mota ya nemi irinsu tun suna raye, ya kai yaro ya zauna kusa da su ya ga yadda su ke awo da yanka. Allah ya sa wa sana'o'in ƙasar nan albarka, amin.