Sauya gangar jikin tsohuwar mota: abin da doka ta yarda da shi

Tsofaffin motoci iri biyu ne ta fuskar ƙira. Wasu, kamar Land Rover ta da, suna da shasi daban, a ɗora jiki a kansa. Wasu kuma, kamar Peugeot 504 ta shiga da MGB ta Ingila, jikin da shasin abu guda ne. Idan tsatsa ta cinye irin wannan jiki aka sauya shi, an taɓa abin da ke ɗauke da lambar shasi, wadda da ita hukuma ke gane mota.

A Ingila sana'ar ta yi ƙarfi. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon jikin MGB, motar da aka daina ƙerawa a 1980, da ainihin injinan masana'antar farko. Shekaru da dama ƙa'idar hukumar rajistar motoci ta DVLA ita ce mota ta riƙe lambarta idan sabon jikin daidai yake da na asali, kuma an bar manyan sassa biyu na tsohuwar, misali inji da akwatin giya. In ba haka ba, sai a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, wadda ke karya farashinta. A watan Agustan 2025 hukumar ta sassauta wasu ƙa'idojin gyara.

Abin da doka ta hana shi ne ciro lambar shasin wata mota a liƙa wa wata, domin ta haka ɓarayi ke ɓatar da sawun motar sata.

A Faransa, kat giriz ta motocin tarihi na buƙatar mota ta kai shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a canza muhimman siffofinta ba.

Halalci daban, asali daban. A 1990 wata kotu a Landan ta duba Bentley mai laƙabi Old Number One, wadda ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930, aka kuma sha sake mata sassa. Alƙali ya ce ita ce dai, tunda tarihinta bai taɓa yankewa ba. Shi ya sa mai saye ke neman takardu, rasiɗai da hotunan gyara kafin ya biya kuɗi.