Anka, Gummi da Bukkuyum: Garuruwan Gefe Masu Tsohon Asali

Al'adar masu rubuta tarihi ce su tsaya a ƙofar fadar babban birni suna ƙididdige sarakunansa da malamansa, har su shagala ga barin garuruwan da ke gefensa, alhali kuwa sau da yawa a can ne asalin labari yake kwance. Haka abin ya kasance ga Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda aka daɗe ana lasafta su cikin gundumomin Sakkwato na nesa, ko da yake daular Zamfara da suka gada ta girmi Sakkwato da ƙarnoni.

Sa'ad da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a wajejen 1762, ya kafa Alƙalawa a ƙasar da ta ba Gobirawa masauki tun da fari, sai gidan sarautar Zamfara ya shiga ƙaura daga gari zuwa gari, yau Kiyawa gobe Sabon Gari, bai sami matabbata ba sai a Anka, bayan jihadi. A tsakanin rushewar birni da samun wannan mazauni ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya ambata a cikin Tazyinul Waraƙati. Kuma a taron idin da aka yi a Magami a 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya miƙa wa malamai kyautai, Shehu ya ƙi dukiya, ya roƙi a saki fursunoni, cikinsu har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara. Saboda haka da jama'ar Shehu ta galabaita bayan yaƙin Tsuntsuwa, Sabon Gari ta nufa a 1805, daga nan kuma rundunar da ta buɗe Birnin Kabi ta tashi. Amma zumuncin jama'ar Shehu da Zamfarawa bai tsira daga jarrabawa ba, domin yunwa ta sa mayaƙa suka taɓa rumbunan talakawa, Zamfarawa da yawa suka juya baya, aka yi shekaru kafin zukata su kwanta.

Da Nasara suka ci Sakkwato a 1903, suka tsara mulkin En'e, sai sarakunan waɗannan garuruwa uku suka koma hakimai masu tara haraji da jangali, amma sarautunsu na gado ba su gushe ba: Sarkin Zamfara a Anka, Sarkin Mafara a Gummi, Sarkin Danko a Bukkuyum. Abin da ya ƙara tura su gefe kuwa shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta bi ta Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da kantunan 'yan kasuwa suka karkata gabas, garuruwan da ke bakin Gulbin Zamfara ta yamma suka zauna da noman fadama da su da kiwo.

Duniya ba ta sake waiwayar wannan yanki sosai ba sai a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta halaka yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, Allah Ya jiƙansu. Bai kamata a ce musiba kaɗai ce ke sa a san sunan gari ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, da sunan tsohuwar daular aka kira ta, kuma Sarkin Zamfaran Anka ne ke shugabantar majalisar sarakunanta; wajibi ne a kan ɗalibai su je su rubuta abin da dattawan waɗannan fadoji suka hardace, tun suna raye.