Shin Dole Ne Babba Ya Zauna JAMB Kafin Ya Koma Jami'a?

Jama'a, makon jiya yayata ta kira ni. Shekarunta 43, 'ya'yanta biyar, an yi mata aure tana gama sakandare. Yanzu da autarta ta shiga aji ɗaya, sai ta ce tana son komawa karatu. Amma fa abu ɗaya ya tsaya mata a rai: "Ƙanina, yanzu ni da ɗiyata za mu je mu zauna gaban kwamfuta mu rubuta JAMB tare?" Na yi dariya, daga baya kuma tambayar ta hana ni sakat, har ta mayar da ni tarihi.

Kafin 1978 babu JAMB. Kowace jami'a, irin su Ibadan da ABU Zariya, ita ke tace ɗalibanta da kanta. Matsalar ita ce yaro ɗaya sai ya samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku, wani kuma ya tashi a tutar babu. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa JAMB a 1978. A 1989 aka ƙara mata kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, a 2010 aka haɗe jarrabawoyin suka zama UTME, daga 2015 kuma aka koma kwamfuta gaba ɗaya.

Ku lura da kyau. An kafa JAMB ne don raba gurabe kaɗan tsakanin matasa masu yawa da suka fito daga sakandare. Ba a yi ta don auna matar da ta shekara ashirin tana riƙe da gida da sana'a ba.

Su ma gwamnatocin da suka gabata sun san da haka. A 1976, shekarar da aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, aka kafa NTI a Kaduna don malaman makaranta su ƙaro ilimi suna bakin aikinsu. Iyayenmu da yawa ta nan suka samu NCE. A 1983 Shagari ya kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a, soja suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo na farar hula aka farfaɗo da ita, ita ce NOUN ta yau. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki a 2007 can ya koma ɗalibi, har ya kai ga digirin digirgir.

To ga abin da na gaya wa Yaya. Idan karatun cikakken lokaci take so daga aji ɗaya a jami'a, ba makawa sai UTME, shekaru ba sa ɗauke mata. Idan tana da NCE ko difloma ko IJMB, akwai DE, ta shiga aji biyu ba tare da UTME ba. NOUN kuwa ba makin UTME take dubawa ba. Amma ko ta wace ƙofa, sai da kiredit biyar har da Turanci, kuma ta tabbata sunanta ya shiga kundin JAMB, don kada a gama karatu takarda ta zama rigima.

Abin da ke damuna shi ne yadda ba a yayata waɗannan ƙofofin. Mata nawa ne a unguwanninmu suka haƙura da karatu don sun ɗauka JAMB ce kaɗai hanya? Ita dai Yaya ta ce NOUN za ta nema, yanzu tana laluben sakamakonta na WAEC a cikin tsohuwar akwati.

Idan akwai wanda ya koma karatu da girmansa a cikinku, don Allah ya faɗa mana ta wace hanya ya bi. Zan karanta mata.