Zaman natsuwa na mabiya Buda: asalinsa, yadda ake yinsa, da abin da ya raba shi da halwa

Masu saurare da dama sun aiko mana da tambaya iri ɗaya. Wani yana cewa ɗansa da ke Turai likita ya ba shi shawarar ya riƙa yin “meditasiyon” saboda rashin barci, wani kuma ya ga bidiyo a salula, mutane zaune sun rufe ido ba motsi. Tambayar dai ita ce: wannan abu magani ne ko addini ne? To, ga abin da muka tattaro, don na gida Ɗan Issa da ƴan uwa na nesa su san abin da ake magana a kai.

Daga ina ya fito

Zaman natsuwa ya daɗe a ƙasar Indiya, amma irin wanda ya bazu a duniya yau yawancinsa daga koyarwar Buda ya fito. Buda laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunansa Sidarta Gautama, ɗan gidan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyansa sun ce ya bar gida yana neman sanin dalilin wahalar ɗan Adam, wato tsufa da ciwo da mutuwa, har ya zauna ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a Bod Gaya, cikin jihar Bihar ta Indiya, inda suka ce ya samu fahimta.

Jigon koyarwarsa shi ne: wahala daga kwaɗayi da maƙalewar zuciya take zuwa, kuma ana iya horar da zuciya har ta saki. Zaman natsuwa shi ne horon.

Yadda suke yi

Akwai hanyoyi uku da aka fi sani, sunayensu da harshen Pali ne, tsohon harshen littattafansu.

Ta farko samata, wato kwantar da hankali. Mutum ya zauna ya miƙe baya, ya sa hankalinsa ga numfashi, shigarsa da fitarsa. In tunani ya tsere zuwa gona ko bashi, sai ya dawo da shi ba tare da faɗa da kansa ba.

Ta biyu wipasana, wato gani a fili. Nan mai zaman yana lura da duk abin da ya taso masa, zafi a gwiwa, fushi, tsoro, yana kallon yadda yake zuwa ya wuce, ba ya riƙewa ba ya kora.

Ta uku meta, wato fatan alheri. Mutum zai fara yi wa kansa fatan lafiya a zuci, sannan wanda yake ƙauna, sannan wanda babu ruwansa da shi, sannan wanda ke tsakaninsu da tsiya, daga nan duk mai rai. Wannan ce hanyar da suke cewa tana gyara zama da jama'a.

Yadda ya bazu

Wani ɗan kasuwa Ba'indiye haifaffen Bama, S. N. Goenka, ya fara koyar da wipasana a Indiya a 1969. Tsarinsa kwana 10 ne, kusan duka ba magana, kuma ba a biyan kuɗin koyo. Wani malaminsu ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, ya kafa cibiya a kudancin Faransa a 1982. A Afirka ma akwai su: babban ɗakin ibadarsu na Nan Hua a Afirka ta Kudu, da wata cibiya a Yuganda da aka buɗe a 2005.

Wanda ya kai shi asibiti kuwa shi ne Jon Kabat-Zinn. A 1979, a jami'ar Masachusets ta Amurka, ya tsara horo na mako 8 don masu ciwo mai daɗewa da masu damuwa. Ya ɗauki lura da numfashi da lura da jiki, ya ajiye aƙida da ibada gefe. Galibi irin wannan ne likitocin Turai da Amurka ke nufi. A 2024 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Disamba a matsayin ranar zaman natsuwa ta duniya.

Mu ma muna da namu zaman

Keɓewa don tattara zuciya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mun san Manzon Allah (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi. Mun san i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Mun san tafakkuri, da halwa wadda wasu almajiran ɗariƙa ke shiga, wani lokaci har kwana 40, bisa izinin shehinsu. Batijjane yana zama safe da yamma da carbinsa yana lazimi: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, Baƙadire ne. Malamanmu na ɗariƙa da na Izala sun saɓa kan wasu daga cikin waɗannan ayyuka, kowa ya sani, amma babu mai musun cewa ana son natsuwa a cikin salla.

Inda suka rabu

A ido, mai halwa da mai wipasana sun yi kama: duk zaune, duk shiru. Niyya ce ta raba su. Musulmi yana tattara zuciyarsa ga Allah Mahalicci, yana neman kusanci da yardarsa. Koyarwar Buda ba ta ginu kan mahalicci ba. Tana cewa babu wani “ni” tabbatacce a cikin mutum, kuma bayan mutuwa ana sake haihuwa, har sai an kai ga abin da suke kira nibbana, wato mutuwar wutar kwaɗayi. Saboda haka in kun ji mai talla a intanet yana cewa zai mayar da kai cikakken mutum, ku sani lafazin zamani ne, ba ainihin maganar tsofaffin littattafansu ba.

Abin lura ga mai saurare

Da farko a tambaya kafin a yanke hukunci. In ɗanka ya ce yana “meditasiyon”, ka ji wane iri ne. Ƙidayar numfashi na minti 10 da likita ya koya masa daban, shiga wurin ibada ana rusuna wa gunki ana rera karatu daban. Wanda ya ji shakka ya je ga malamin da ya yarda da iliminsa, ya faɗa masa dalla-dalla abin da ake yi.

Na biyu, bincike ya nuna irin na asibiti yana taimaka wa wasu wajen rage damuwa da jure ciwo, amma ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini kada ya ajiye ƙwayoyinsa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A wannan yanki na kan iyaka akwai waɗanda suka ga tashin hankalin ƴan bindiga, wasu har sun baro garuruwansu. Mutumin da ya ga abin firgici, doguwar zama shi kaɗai cikin shiru tana iya tayar masa da abin da ya gani. Irin wannan ya fi buƙatar likita da ƴan uwa kusa da shi. In barci ya ƙi, ko abinci ya ƙi shiga, ko mutum ya fara maganar gajiya da rayuwa, a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Mai ƙarin tambaya ya aiko mana ta gidan rediyo, za mu ɗauko ta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.