Inshorar Lafiya da Kuɗin Jinyar Manyan Cututtuka a Maitumbi, Minna

Inshorar lafiya, wadda a wasu jihohin Arewa ake kira taimakekeniyar lafiya, tsari ne na tara kuɗi a asusu ɗaya tun ana lafiya, domin a biya wa wanda ciwo ya kama daga cikin masu zubi. A Maitumbi, unguwar da ke gabashin Minna a ƙaramar hukumar Bosso, kan hanyar Gwada da Kuta, tsarin ya zo ta ƙofa uku: ta gwamnatin tarayya, ta Jihar Neja, da ta asusun marasa galihu. Gyare-gyaren da aka yi sun sauƙaƙa kuɗin ƙananan cututtuka ga mai kati. A kan manyan cututtuka kuwa, irin su ciwon ƙoda, ciwon daji da shanyewar ɓarin jiki, sauƙin bai taka kara ya karya ba.

Asali da dokoki

Tun 1962 ministan lafiya na lokacin, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai maganar inshorar lafiya gaban majalisa, ba ta samu shiga ba. Sai a 1999 aka kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da Doka mai lamba 35, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shi kansa ɗan Minna ne. Aikin bai fara ba sai 2005, zamanin Olusegun Obasanjo, kuma ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarsa, domin shiga ba dole ba ce.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Bisa dokar, rabin kuɗin na biyan inshorar talakawa ne, kashi 45 na ƙananan asibitoci, kashi 5 na agajin gaggawa. Neja na cikin jihohi uku da aka fara gwada asusun, tare da Abiya da Osun. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello jihar ta kafa tata hukumar taimakekeniya, wadda aka fi sani da NiCare. A ranar 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin NHIS da NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Wajabcin dai har yanzu a takarda yake: masu rajista a faɗin ƙasar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Abin da kati ke ɗauka

A tsarin ma'aikatan tarayya, kati na ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan ƙa'ida ita kaɗai ta bar mutane da yawa a waje a gidajen da ake da mace fiye da ɗaya, ko tsofaffin iyaye, alhali tsofaffin ne manyan cututtuka suka fi kamawa. Mai kati yana ganin likita, a yi masa gwaje-gwajen yau da kullum, ya biya kashi 10 na kuɗin magani. Ƙunshin BHCPF kuma an gina shi ne a kan zazzaɓin cizon sauro, awon ciki, haihuwa, cututtukan yara da auna hawan jini da suga.

Iyakokin suna bayyana ne idan ciwo ya yi tsanani. Ƙa'idojin da NHIS ta daɗe tana aiki da su sun tsaida kwanciya a asibiti a kwana 21 cikin shekara. Hoton ƙwaƙwalwa da sauran manyan hotuna na CT da MRI, rabin kuɗin majinyaci ne zai biya. Wankin ƙoda an ƙayyade shi a sau shida, shi ma ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya ana sa ran ta farfaɗo. Wanda ƙodarsa ta lalace gaba ɗaya yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, iya rayuwarsa ko har a yi masa dashe. Ke nan abin da kati ya tanada bai wuce na mako biyu zuwa uku ba. Daga nan sai a koma ga abin da aka saba: a kwashe adashi, a sayar da awaki ko babur, a kai ga fili, a yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar gidan da ya kashe sama da kashi 10 na kuɗin hidimarsa a kan lafiya a matsayin wanda jinya ta durƙusar. Mai wankin ƙoda kan tsallake wannan mizani tun a watan farko.

Yadda ake biyan asibiti

A nan ne gyaran tsarin inshora ke shafar farashi kai tsaye, kodayake majinyaci ba ya gani. Hanyar biya biyu ce. Asibitin matakin farko ana ba shi ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Manyan ayyuka kamar tiyata kuwa, sai an yi sannan asibiti ya aika takardar neman biya bisa jadawalin farashin hukuma. A tsarin tarayya kamfanonin HMO ne 'yan tsakiya, su ke ba da lambar izini kafin a tura majinyaci gaba.

Kuɗin wata-wata ya yi sama da shekara goma a tsaye a naira 750 kan kowane mutum. Da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, farashin magani, ƙarin ruwa da dizal ɗin janareta ya yi tashin gwauron zabo, jadawalin kuwa bai motsa ba. Asibitin da ake biya ƙasa da abin da ya kashe yana da hanyoyin kare kansa, kuma duk ƙasar an san su. Mai jinya ya miƙa takarda a tagar ɗakin magani, a duba a ce “wannan babu”, a yi wa biyu daga cikin biyar alama, sauran ukun, waɗanda su ne masu tsadar, ya fita bakin ƙofa ya saya a kemis da kuɗinsa. Ko kuma a ce a jira lambar izini, majinyaci na kwance, har dangi su gaji su biya da hannu. NHIA ta ƙara farashin a 2024, ta sake ƙarawa a 2025, ta kuma umarci kamfanonin HMO su riƙa ba da lambar izini cikin sa'a ɗaya. Girman ƙarin da aka yi wa manyan ayyuka, wanda ya ninka tsohon farashi fiye da sau huɗu, ya isa shaida kan yadda jadawalin ya yi nisa da kasuwa.

Hanyar majinyaci daga Maitumbi

Galibin mazauna unguwar ba masu albashi ba ne: 'yan tireda, masu Keke Napep, makanikai, manoman doya da masu sarinta daga ɓangaren Gwada. Babu inda za a cire musu zubi a ƙarshen wata, don haka sai dai su yi rajista da kansu ko su dace da shiga jerin marasa galihu. Asusun BHCPF yana aiki ne ta asibitin sha-ka-tafi guda a kowace mazaɓa, kuma Neja na da mazaɓu 274.

Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, ana turawa Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, mata da jarirai kuma Asibitin Jummai Babangida Aliyu. Gaba da nan akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Mai ciwon daji da ke buƙatar gashi da na'ura yakan nufi Asibitin Ƙasa a Abuja ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Kowane mataki na da kuɗin da babu inshorar da ta san da shi: kuɗin mota, abincin mai jinya da ke kwana a baranda kan tabarma, neman masu ba da jini, da sana'ar da aka rufe har a dawo.

Tallafin da ke gefen inshora

Maimakon faɗaɗa ƙunshin inshorar, gwamnati ta fi karkata ga keɓe wasu cututtuka ɗaya bayan ɗaya. A 2021 aka soma asusun tallafa wa masu ciwon dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza a asibitoci shida, ciki har da na Shika da na Abuja. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A 2025 aka sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya. Ragin babba ne, amma ko a sabon farashin, wanki biyu a mako ya kai naira 96,000 a wata, wanda ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, da aka amince da shi a 2024.

Ghana, wadda ta kafa tata inshorar a 2003, ta ɗora mafi yawan kuɗinta ne a kan harajin kashi 2.5 na kayan saye da ayyuka, don haka mai albashi da marar albashi duk suna zubi ba tare da an bi su ba. Najeriya ta dogara da cirewa daga albashi da kason kasafi, kuma kasafin lafiya na tarayya bai taɓa kai kashi 15 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba.